Kabari a Gidan Aro

Gidan da aka kai ni aure ba namu ba ne, kuma ba wanda ya ɓoye mini hakan. Tun kafin a gama jera mini ƙore a ɗaki, gwaggona da ta rako ni ta leƙa waje, ta dawo ta ce ashe gidan aro aka kawo ni. Daga wajen Aujara aka ɗauko ni zuwa wani ɗan gari mai ganuwa a gindin duwatsu, tsakanin Dutse da Kiyawa. Ni a lokacin ban ga abin damuwa ba. Ɗakina ba ya yoyo, tsakar gida akwai inuwar ɗurumi, rijiya kuma ba nisa.

A kusurwar garin, jikin ganuwa, akwai gidaje a jere, duk zubi ɗaya: ɗakuna biyu ko uku na jinka, da ɗan zaure, da darni. Tsohon dagaci ne ya sa aka gina su zamanin hare-hare, saboda mutanen ƙauyuka da aka ƙone wa gidaje suka gudo cikin gari ba su da wurin sa haƙarƙari. Unguwar baƙi ake ce wa wurin, ko da mutum ya yi furfura a cikinta. Duk wanda aka ba gida, abin da ke kansa shi ne in kaka ta yi ya kai wa dagaci damin gero ɗaya. Mutanen yanzu haya za su ce. Mu gaisuwa muke cewa, kuma a wancan lokacin gaisuwar ce da gaske. Ka kai daminka, a dama maka fura, a tambaye ka lafiyar iyali, ka taso.

Surukina masaƙi ne, Baba muke ce masa. Shi da matarsa, wadda nake kira Inna, a ƙafa suka shigo garin da ɗa ɗaya a goye, wanda ya girma ya zama maigidana. Garinsu na asali ya zama kufai, ko inda aka rufe iyayensu ba su sake gani ba. Inna 'yar ƙaramar mace ce marar magana, kullum tana duƙe da tsintsiya. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, a gidanmu ma an san ni. Kunyar surukuta ce ta ɗaure mini harshe, sai na riƙa huce haushina a kan turmi.

Ina goyon ɗana na fari Baba ya rasu, ana tsakiyar damina. A ƙasarmu a wancan zamani magidanci mai gidan kansa a gidansa ake rufe shi, a bayan ɗaki. Maƙabartar bayan gari ta baƙi ce da waɗanda ba su da wuri, ga kuraye, ga ruwa yana kwanciya. Maza sun fara shirin ɗaukarsa zuwa can, sai Inna ta ce a dakata. Ta aika wa tsohon dagaci cewa tana roƙon a bar ta ta rufe mijinta a gida. Wani dattijo maƙwabcinmu ya yi ƙasa da murya ya ce wa maigidana gidan fa na aro ne, a yi tunani. Amma kafin a gama tunanin, amsa ta iso. Tsohon dagaci ya ce mutumin da ya saƙa masa riguna shekara da shekaru ai ba baƙo ba ne, a rufe shi a ɗakinsa. Da kansa ya zo jana'iza, yana dogara sanda.

Abu biyu ne a ran Inna, daga baya na gane su. Na farko, mace ba ta zuwa maƙabarta. Da an fitar da shi bayan gari, ta rabu da shi ke nan har abada. Na biyu, kowa ya san ba a korar mutum daga gidan da kabarin ubansa yake. A ganinta, ranar da aka rufe Baba a bayan ɗakin, ranar gidan ya zama namu. Duk unguwar aka yi ta yi mata barka a cikin ta'aziyya, ana cewa ta yi wa jikokinta dabara. Ni ma na ce ta yi dabara. Aka kafa bakin fasasshen tulu a wajen kan kabarin don shaida. Kullum da hantsi in ta gama shara sai ta zagaya can, ta share shi, ta tsuguna ta yi abin da za ta yi, wani lokaci in jiyo tana ba shi labarin akuya ta haihu.

Ba a daɗe ba Turawa suka ci ƙasa. Mu ba mu ga yaƙi ba, labarinsa muka ji wajen fatake. Ni duk zamana a garin Bature ɗaya na taɓa hangowa ta kafar darni, a kan doki, fuskarsa ja kamar an gasa. Abin da muka gani da idonmu shi ne haraji. Da can hatsi ake bayarwa ko kuɗin wuri, yanzu aka ce sai kuɗinsu na ƙarfe, kuma aka yanka wa kowane gari abin da zai kawo, ko an samu ko ba a samu ba. Tsohon dagaci ya rasu cikin wannan rikici, ɗansa ya hau. Ba zan ce mugu ne ba, don ban taɓa zama da shi ba. An ce in kuɗin gari bai cika ba shi ake tsarewa a rana gaban mutane, kuma an tuɓe wasu dagatan a kan haka. To mutumin da ke tsoron rawaninsa dole ya waiga ya ga wa zai matsa. 'Yan gari 'yan'uwansa ne, da gonakin gado da bakin magana. Mu kuwa a gidajen ubansa muke zaune.

Kakar farko bayan hawansa ba a jira mu kai gaisuwa ba, aka aiko a karɓa. Wakilin dagaci ne ya zo, wani dogo mai sanyin murya, kullum da carbi. Ya yi sallama a zaure, maigida ya fita. Kafin ya ce komai sai ya nemi izini a kai shi ya gai da Baba. Aka ce mata su kauce, na shige ɗaki ina leƙe. Ya cire takalmi, ya tsuguna gaban kabarin, ya daɗe yana addu'a, ya shafa. Inna har da hawaye, ta ce yaron nan ya san girman mutane. Da ya koma zaure sai ya ce wa maigida zamani ya canza, bana dami biyu ne.

Aka bayar. Dami biyu ba ya kashe gida. Amma shekara ta zagayo ya sake zuwa, ya sake cire takalmi, ya sake tsugunawa, ya ce uku. Tun daga nan na daina jin daɗin kaka. Mutane na murna an yanke gero, ana kiɗan gangar noma, ni kuwa ina sauraren wannan sallama mai sanyi. Kuma bai taɓa faɗin ƙarin kafin addu'ar ba, ko sau ɗaya.

Abin da ya ƙara lalata lamarin shi ne zaman lafiya. Da hare-hare suka ƙare, ganuwa ba ta da sauran amfani. Mutanen unguwar baƙi suka fara duba cewa ga daji nan a buɗe, mutum ya sare ya yi gona, ya kafa bukkarsa a tsakiya, ba mai zuwa ƙofarsa da carbi. Da an yi ƙari sai ka ga gida ɗaya ko biyu sun ɗaure kaya. Su cire ƙyauren ƙofa, su kwashe duwatsun murhu, su kora awaki, su yi mana sallama. Mu kuma da muka rage sai wakili ya zo ya yi mana bayani dalla-dalla, cewa abin da aka ɗora wa unguwa ba ya raguwa don wani ya tashi, rabon wanda ya tafi sai a raba wa waɗanda suka zauna. Wato duk maƙwabcin da ya tafi, ya bar mana kayansa a ka. Na kai matsayin da in na ga mace tana wanke tukwanenta gaba ɗaya a rana guda sai in ji na tsane ta, ko da ƙawata ce.

Gidaje kaɗan ne suka rage, kuma da na zauna na duba sai na ga abin da ya haɗa mu. Wata tsohuwa makauniya ce da ba ta da inda za ta, da wani gurgu mai ɗinkin takalma, sai mu. Su ƙafa ce ba su da ita. Mu da ƙafafunmu lafiya lau, amma muna da kabari. Kuma wakili ya san da haka sarai. Tun da can na lura in ya je gidan da yake ganin za su iya tashi, yakan sassauta musu, har ya ce su kawo abin da ya sawwaƙa. Mu kuwa bai taɓa rage mana ko zangarniya ba. Ya san ko nawa ya faɗa, Inna za ta ce a ba shi.

Gonar da muke nomawa ita ma ta aro ce, 'yar ƙarama, jigawa. Da damunan suka fi ƙarfinta sai aka koma kan saƙa. Maigida ya gaji masaƙar ubansa, ni da Inna muke yi masa zare. In gurza auduga, in shiɓe, in kaɗa, tun hantsi har hannuna ya ƙage. Ya saƙa fari, ya kai kasuwar Kiyawa, ya sayar, ya sayi gero a kai wa dagaci. Daga baya aka ce ba a son gero, kuɗin ƙarfe ake so, kuma a lokacin kaka, lokacin da kowa ke neman kuɗin haraji, hatsi da tufa duk sun faɗi warwas. Akuyar da aka ba ni ta aure ta tafi, 'ya'yanta suka bi ta. Tasoshina na jan ƙarfe da na zo da su daga gida suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Rannan na tsaya na dubi jeren ɗakina, ƙore ne kawai da faifai, na ce a raina mu masu rai muna zaune a tsaye, mamaci ne kaɗai ke kwance da daɗi a gidan nan. Na yi istigfari, amma na riga na faɗa.

Yayana yana da wuri a bayan Kiyawa, ya sari daji, ya aiko sau da dama cewa mu taho, ƙasa tana nan ba mai ita. Na yi wa maigida magana a hankali, na yi masa da faɗa, na yi masa da kuka. Shi mutum ne mai haƙuri irin wanda ke sa mai zuciya ya ji kamar ya fasa tulu. Sai ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, amma da wane baki zai ce wa Inna ta tashi ta bar Baba? Ya ce ta taɓa barin kabarin uwarta da na ubanta da gudu, ba zai sa ta yi na biyu ba. Na ce to mu ci kabarin. Ya tashi ya koma masaƙa, ya bar ni ina magana ni kaɗai.

Da na ga ba zai faɗa ba, sai na ajiye kunya na faɗa da kaina. Na same ta a bayan ɗaki tana cire ciyawa a gefen kabarin. Ban taɓa tsayawa a kanta na yi magana ba sai ran nan. Na ce mata mutumin nan ba don Allah yake tsugunawa a nan ba, zuwa yake ya duba ko turkenmu yana nan da ƙarfinsa. Na ce Baba ya riga ya tafi inda za shi, addu'a kuwa daga ko'ina tana isa, haka na ji a gidanmu wajen malamai. Na ce jikokinta na kwana da yunwa saboda tudun ƙasa.

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da cire ciyawarta. Can ta ce, “'Yar nan, in mun tashi, wa za a sa a gidan?”

Na ce ban sani ba.

Ta ce, “Ni na sani. Mai jaki za a sa. A nan zai kafa turke, don nan ne inuwa.”

Iyakar abin da ta ce ke nan. Na koma ɗaki ina huci. Har yau ban ce na yi kuskure ba, gaskiya na faɗa mata. Amma ita ma ba ƙarya ta yi ba, don gidan da ke jikin namu, da masu shi suka tashi, wani mai jakuna aka zuba a ciki.

A tsakanin nan na haifi 'ya mace. Ɗan fari ba a nuna masa so a gaban mutane, sai na tattara duk abin da na ɓoye na zuba a kanta. Yarinya ce mai dariya, ga surutu tun ba ta iya magana ba, kowa ya ce bakina ta ɗauko. Da lokacin yaye ya yi aka kai ta ɗakin Inna kamar yadda ake yi, ta zama 'yar ɗakinta. Tare suke kwana, tare suke zagayawa bayan ɗaki da hantsi, Inna na shara, ita tana wasa da ƙasa a gefen kakanta. Duk gabar da ke tsakanina da Inna, in na ga su biyun nan sai zuciyata ta yi sanyi.

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ciki ba. Duk wanda ya rayu a lokacin ya san ta, ba sai na tsaya bayani ba. Abin da muka kwaso daga gona bai cika rabin rumbu ba. Na ce a raina bana dai ko kunya ta hana wakili zuwa. Ya zo. Ya rame shi ma, rigarsa ta yi masa yawa. Ya cire takalmi, ya yi addu'arsa, ya koma zaure, ya ce ya san halin da ake ciki, amma daga sama ba a rage wa gari komai ba, kuma makauniyar nan ta rasu, rabonta ya dawo kanmu. Na fito daga ɗaki ba mayafi, na tsaya a bakin zaure na ce masa ya shiga rumbun da kansa ya gani. Bai dube ni ba. Ya ce wa maigida shi ba korarmu yake ba, har abada ba mai korar mutum daga kan kabarin ubansa, amma in mun ga ba za mu iya ba, akwai wanda ya nemi gidan. Inna tana jin haka daga tsakar gida ta ce a ba shi.

Aka sayar da geron da ya rage a lokacin da ya fi kowane lokaci araha, aka ba shi. Kafin bazara mun koma cin dusa da tafasa da ganyen da ban san sunansa ba. Maigida yana fita tono muruci, ya dawo da abin da bai cika tafi ba. Ba mai sayen tufa, kowa abin da zai sa a baki yake nema. Inna ta riƙa ɓoye nata rabon tana ba yarinyar, ina gani, ban hana ta ba. Duk da haka cikin yarinyar ya ɓaci, ƙafafunta suka kumbura, surutun ya tsaya. Ta rasu da hantsi a cinyar Inna, ruwan farko bai sauka ba.

Yaro ƙarami a gida ake rufe shi, wannan ko a gidan aro ba a tambaya. Maigida ya yanko ƙyalle daga farin da ya kasa sayarwa. Gurgun nan maƙwabcinmu ya rarrafo, da wasu maza biyu, suka zagaya bayan ɗaki da fartanya, suka fara tono a gefen Baba. Ina zaune a ƙofar ɗakina ina jin saran ƙasa, kuma a cikin duk abin da nake ciki wannan ne kaɗai ya ɗan riƙe ni, cewa tana nan kusa, zan riƙa zagayawa in gan ta. Sai na ga Inna ta miƙe, ta dafa bango, ta bi su. Na ji ta ce su tsaya.

Ta ce, “Ku mayar da ƙasar. Ku kai ta bayan gari.”

Maigida ya ce, “Inna, yarinya ce fa.”

Ta ce, “Na sani. Ku kai ta.”

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na ce mata abin da ba a faɗa wa suruka. Na ce ta cinye mana gero saboda mijinta, yanzu kuma 'yata ba ta isa ta kwanta kusa da shi ba? Na ce ita ta san daɗin zama gaban kabari, ni ce ba ta so in sani? Mazan suka sunkuyar da kai. Ta bar ni na gama, sannan ta dube ni, kuma ina jin ran nan ne ta fara duban tsakiyar idona tun da aka kawo ni gidan.

Ta ce, “In aka sa ta a nan, ke ma kin zauna ke nan. Ni kaɗai na isa.”

Aka mayar da ƙasar. Maigida ya ɗauki 'yata a hannu, a naɗe, suka fita da ita ta ƙofar gari. Ban bi su ba, mace ba ta bi. Har yau ban san inda take ba sai kwatance, an ce mini kusa da wata tsamiya.

Na yi kwanaki ba na yi wa Inna magana. In na dafa abin da aka samu sai in ajiye mata a bakin ƙofa in juya. Na ji zafinta ƙwarai, kuma ba zan ce zafin ya tafi gaba ɗaya ba ko yanzu. Amma ina kwance ina juya maganarta, na san abin da ta gani. Da an rufe yarinyar a bayan ɗakin nan, da ni ce zan riƙa cewa a ba shi. Da ko yayana ya zo da jakuna ya ɗaure mini kaya ba zan taka ko'ina ba. Da sai wakili ya zo ya tsuguna gaban kabari biyu, ya faɗi abin da ya ga dama.

Daga ranar Inna ba ta sake zagayawa bayan ɗaki ba. Ciyawa ta fito a kan kabarin da ruwa ya sauka, ta bar ta. Ni ce na gaji da gani na je na cire. Ba ta yi wata doguwar jinya ba, jiki ne kawai ya ƙi, abinci ya dawo amma ba ta iya ci. Ana gab da yankan gero ta kira ɗanta, ta sa aka kira ni, na tsaya daga bakin ƙofa. Ta ce in ta cika a kai ta bayan gari, wajen tsamiyar nan, yarinya ba ta saba kwana ita kaɗai ba. Maigida ya ce ga wuri a gefen Baba, ai don shi ta yi duk abin da ta yi. Ta ce ta sani, ta yi masa iyakar abin da za ta iya, zai yafe mata. Ta ce kuma kada mu kai wata kakar a gidan. Bayan kwana kaɗan ta rasu, aka yi yadda ta ce. Na yi mata kuka fiye da yadda na zata.

Ba mu samu tashi kafin wakili ya zo ba, don sai da muka jira amfanin gona. Ya yi mana ta'aziyya, ya zagaya ya yi addu'arsa, ya faɗi na bana, ya ɗara na bara. Maigida bai yi musu ba. Ya sayar da abin da zai sayar, ya kai masa cif. Na yi mamaki, na ce tunda tafiya za mu yi me ya sa ba za mu tafi da abinmu ba? Ya ce ba zai bar ubansa a gidan da ake bin sa bashi ba.

Ranar tashi yayana ya aiko da jaki. Muka ɗaure masaƙa, da turmi, da 'yan ƙorena. Maigida ya zagaya bayan ɗaki shi kaɗai, ya daɗe. Da ya fito na shiga, na share wurin da tsintsiyar Inna, na gyara bakin tulun da ya karkace, na yayyafa ruwa. Ban san me zan ce wa Baba ba, don a raye ma ba mu saba magana ba. Na jingine tsintsiyar a jikin ɗaki na fito.

A ƙofar gari muka yi kiciɓis da wakili, yana dawowa daga wani wuri. Ya dubi jakin, ya dubi kayan, na ga abin ya ba shi mamaki da gaske. Bai taɓa sa mu cikin masu tashi ba. Ya ce wa maigida, da muryar nan tasa mai sanyi, “To, tsohon fa? Wa kuka bar wa shi?”

Na buɗe baki zan amsa, maigida ya riga ni. Mutumin da ban taɓa jin ya mayar wa kowa magana ba.

Ya ce, “Na biya masa na bana, ranka ya daɗe. Na baɗi in ka tsuguna sai ka gaya masa.”

Ya kora jakin, muka wuce. Hanyar ta bi ta gefen maƙabarta. Na rage tafiya ina duban tsamiyoyi, sun fi ɗaya, ban san wacce ba. Na so in tambaye shi, na ga yadda ya kafe ido a kan hanya, na fasa.

Mun sari daji a bayan Kiyawa, mun yi gida, mun haifi wasu 'ya'yan. Haraji bai bar mu ba, amma ba wanda ya sake zuwa ƙofarmu ya ce ga abin da za mu biya mu kwana a ɗakinmu. Maigida bai ƙara taka garin nan ba, ko kasuwa ce ta kama ta can sai ya zagaye. Wani mai tallan gishiri ya taɓa fara ba shi labarin wanda aka sa a gidan da abin da aka ɗaure a bayan ɗaki, ya tashi ya bar masa wurin. Ni na tsaya na ji, kuma ban gaya masa ba.

Da ajalin maigida ya zo, 'ya'yanmu sun girma, gidan namu ne, shi ya sare wurin da hannunsa. Suka ce za su rufe shi a bayan ɗakinsa kamar kowane magidanci. Ya riga ya bar mini wasiyya, na isar musu. Suka yi ta ba ni baki, suna cewa nan ai ba gidan aro ba ne, kuma ni ce zan ji daɗin ganinsa kusa. Na ce na sani. Na zauna a ƙofar ɗaki ina kallo suka fita da shi.